Ingilishin da Kabo Ya Kwaso a Kumasi

Duk wanda ya taɓa shan shayi a Zangon Wagadugu ya san Kabo mai goro. In bai san fuskarsa ba, to ya san muryarsa, don ba ya iya magana a hankali ko da gaisuwar mutuwa ya je. Wanda kuwa ya san shi, ya san labarin Kumasi. Shekara goma sha tara da suka wuce ya bi motar goro ya je can, ya yi mako uku ya dawo. Makon nan uku sai suka yi ta girma a bakinsa kamar kabewa a juji. Lokacin da ya auri Maimunatu, wata uku ne. Da aka haifi 'yarsu Shahida, sun zama shekara uku. Bana in ka tambaye shi, sai ya dubi sama ya ce, "Shekara bakwai, ban da watanni."

Abin da ya kwaso a can, in ji shi, Ingilishi ne na asali, wanda ko mutanen Gana sai sun nutsu suke gane shi. Wa zai ƙaryata shi? Mu nan Hausa muke yi a gida, Mosanci a kasuwa, Faransanci a ofis. Dokin mai baki kuwa ya fi gudu.

Ran wata Litinin Shahida ta dawo daga lekol, wato makarantar boko, idonta jawur, ta ajiye littafinta a gaban uwarta. Shafin nan ya sha jan biro kamar an yanka kaza a kansa.

"Madam malamar Ingilishi ta ce ban san bambancin aikin da aka gama da wanda ake cikin yi ba," in ji ta. "Inna, saura kwana goma jarrabawar Bepese ta gama ƙaramar sakandare. Bara Ingilishin nan ne ya kayar da ni. In na sake faɗuwa bana, lekol ba za su ƙara karɓata ba, lise kuwa, babbar sakandaren nan, sai dai in ji ana faɗi."

Maimunatu ta ajiye ludayin ƙullin waina. "Share hawayenki. Ga Zalissa 'yar Rasmane mai gyaran moto, Ingilishi take karantawa a jami'a. Ki riƙa zuwa wurinta can unguwar Zogona."

Kabo yana kan tabarma yana tsince goro. Sai ya miƙe zumbur har ganyen goro ya watse.

"Zalissa? Zalissar da aka yi sunanta jiya-jiya? Ina raye a gidan nan za a ɗauki 'yata a kai ta neman Ingilishi ƙofar maƙwabta? Maimu, kin taɓa ganin an bar rijiya a tsakar gida an tafi roƙon ruwa?"

"Na gani, Malam, in rijiyar ba ruwa."

"Allah ya shirye ki! Gobe zan buɗe makaranta a gindin mangwaron ƙofar gida. Ba Shahida kaɗai ba, duk Zango sai ta ji Ingilishi kafin Sallar layya."

Washegari da hantsi ya jingina murfin tsohon durom a jikin mangwaro a matsayin allo, ya jera benci biyu na mai shayi. Rasmane, wanda rumfarsa ke kallon ƙofar gidan, ya goge hannu da tsumma ya zo ya zauna a gaba, don shi mutum ne da ba ya barin abin dariya ya wuce shi. Masu zaman kashe wando su ma suka matso. Shahida ta zauna a gefe da littafinta a cinya.

Kabo ya gyara hula. "Ingilishi ba wuya gare shi ba, malaman lekol ne suke tsoratar da yara. Aiki iri biyu ne a duniya: mai rai da matacce. In ana cikin yin abu, sai ka ja muryarka, ka yi ta ja har a gama. In an gama, sai ka ce 'finish', ka tafa hannu sau ɗaya. Shi ke nan, kun gama rabin Ingilishi."

"Baba," in ji Shahida a hankali, "ba haka yake a littafi ba."

"Wa ya rubuta littafin? Ya taɓa zuwa Kumasi? A can ba da alli ake koyo ba, da jiki ake koyo. Gani ya kori ji. Bari ku gani."

Ya shiga zaure ya ɗauko faifan wainar da Maimunatu ta gama toyawa don masu saye, ita tana ciki tana wanka. Ya dire shi a gaban Rasmane.

"Ci! Kai ne misali. Kada ka tsaya sai Shahida ta faɗi abin da kake yi da Ingilishi daidai."

"Profesa," in ji Rasmane yana naɗe hannun riga, "don ilimi ba abin da ba zan yi ba."

Ya fara ci. Shahida ta faɗi jimlarta. Kabo bai san ko daidai ce ko ba daidai ba, don haka ya murtuke fuska ya girgiza kai kamar wanda ya ji saɓo.

"Sake! Ki ja murya!"

Ta sake. Ya ce ta ƙara ja. Ta sake wata iri. Ya ce saura kaɗan. Rasmane kuwa yana ta aiki, hannu baka hannu ƙwarya. Wani daga benci na biyu ya ɗaga yatsa ya ce, "Malam, in mutum biyu ne suke ci fa, yaya ake faɗi?" Kabo ya ce tambaya ce mai kyau, ya zo ya gwada. Kafin ka ce kwabo, mutum shida sun kewaye faifai suna neman ilimi. Da ya rage mai kawai yana ƙyalli a kan faifan, Kabo ya tafa hannu.

"Finish! Kun gani? Yanzu mun shiga aikin da ya wuce."

Daidai nan Maimunatu ta leƙo, ɗankwali a hannu. Ta dubi faifai, ta dubi bakunan da ke sheƙi.

"Ina wainata?"

"Ta zama misali," in ji Kabo.

"Misali? Tun asuba nake gaban tanda hayaƙi na cin idona! Malam, wane irin Ingilishi ne wannan mai shiga ta ciki?"

"Ba za ki gane ba, Maimu, ba ki yi nisa a karatu ba."

"Ni dai na yi nisan da na san ɓarawon waina in na gan shi."

Rasmane ya yi gyatsa ya ce da ita ta yi haƙuri, shi ɗalibi ne, umarnin malami ya bi. Ta ɗauke faifanta ta shige tana jan tsaki, Shahida na biye da ita kamar za ta yi kuka.

Tun daga ran nan Kabo ya lura niƙa ya yi yawa a gidansa. Kullum bayan azahar sai Maimunatu ta ɗora wa Shahida ƙwaryar gero ta ce ta kai inji, yarinya kuma ba ta dawowa sai la'asar sakaliya. Ya tambaya, aka ce layi ne a wurin mai inji. Bai bi ba'asi ba, don kansa na can wurin shirya darasi na biyu.

Darasi na biyu na tafiya ne. Ranar Laraba ɗalibai sun ninka, kowa ya zo da yunwarsa, amma Maimunatu ta kulle wainarta a ɗaki ta rataya makulli a wuya. Kabo ya duba hagu ya duba dama, sai idonsa ya faɗa kan wata jar moto, wato babur, a rumfar Rasmane, wadda aka kawo gyara.

"Yau za ku ga mutum yana cikin tafiya. Shahida, ki zuba ido. Ina tafiya kina ja, in na tsaya ki tafa."

Rasmane yana can bayan rumfa yana alwala. Ƙarar inji ya ji, ya fito a guje da buta a hannu.

"Kabo! Kabo, sauka! Ban mayar da birki ba!"

Ina! Kabo ya riga ya ba ta wuta. Ya zagaya mangwaro sau ɗaya yana ɗaga wa jama'a hannu, babbar riga na kaɗawa. A zagaye na biyu ya taka birki, ƙafarsa ta tafi har ƙasa ba abin da ya faru. A zagaye na uku ya daina ɗaga hannu.

"Ku tare ta! Ku tare ta, jama'a!"

"Da Ingilishi, Profesa!" in ji wani daga benci. "Ba mu gane ba!"

"Uwaka da Ingilishi! Ku tare!"

Kaji suka watse. Mai tura kurar ruwa da ke shigowa lungu ya saki kurarsa ya haye katanga. Kabo ya kauce wa kura, ya kauce wa teburin mai shayi da ikon Allah, sannan ya nufi kwatar bakin hanya kai tsaye kamar can aka aike shi. Ji kake facal! Moto ta kwanta gefe tana tari, Kabo ya zauna a cikin baƙin ruwa har ƙugu, hularsa na yawo a gabansa.

Jama'a suka taru a bakin kwata. Rasmane ya ƙaraso, ya duba moto, ya duba malaminsa, sannan ya tafa hannu sau ɗaya.

"Finish."

Aka fashe da dariya har da masu riƙe ciki. Kabo ya fito yana ɗiga, ya ce da gangan ya yi, don ɗalibi ba ya manta darasin da ya gani da idonsa. Abin mamaki, da ya waiga sai ya ga Shahida ta duƙufa tana rubutu da sauri a littafinta. Zuciyarsa ta yi fari. Ashe dai koyarwar na shiga!

Wannan ne ya ƙara masa ƙarfin gwiwa, har ya sa aka yi shela: ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, kowa ya zo gindin mangwaro, Shahida za ta nuna abin da ta koya a gaban jama'a. Maimunatu ta ce, "Malam, ka rufa wa kanka asiri." Ya ce hassada ce irin ta cikin gida, wadda ta fi ta waje ciwo.

Ranar Juma'a ya sha shuɗiyar babbar riga, aka jera benci takwas. Mata suka tsaya a bakin zaure, har Zalissa ta zo daga Zogona ta tsaya kusa da Maimunatu tana danne murmushi. Ragon layyar gidan, wani ƙato mai murɗaɗɗen ƙaho, yana ɗaure a jikin mangwaro yana kallon taro da jan ido.

Kabo ya buɗe baki zai fara ke nan, sai ga Rasmane ya taho da wani dattijo mai farin gemu da sanda.

"Profesa, albishirinka! Na kawo maka ɗan garinku. Wannan Alhaji Illiya ne, jiya ya sauka daga Kumasi da motar goro. Na ce ya zo ku ɗan taɓa Ingilishi mu ji daɗin kunnenmu."

Kabo ya dubi dattijon. Gumi ya karyo masa har cikin hula. Gudu ba dama, ga jama'a sun kewaye shi. Sai ya hango tsanin da ake tsinkar mangwaro da shi, dabara ta faɗo masa: wanda ke sama ai ba a jan shi da hira.

"Sannu da zuwa, Alhaji, sai an tashi daga darasi!" ya faɗa da sauri yana kawar da fuska. "Yau darasin hawa ne. Shahida, ina hawa kina ja!"

Ya jingina tsani ya fara hawa, mataki ɗaya, biyu, biyar, bakwai. Bai lura ba ƙafar tsanin a kan igiyar rago ya dasa ta. Rago ya ja, igiya ta ƙi. Ya ja da baya iyakar abin da ya samu, ya sunkuyar da kai, ya ba tsani ƙaho gwaf! Tsani ya tafi gabas, Kabo ya cafki reshe da hannu biyu ya rage yana lilo a sama, takalmi ɗaya ya faɗo kan teburin mai shayi.

Mata suka saka salati. Alhaji Illiya ya matso ƙarƙashin reshe, ya ɗaga kai ya kare rana da tafin hannu. Ya daɗe yana duba fuskar da ke sama.

"Ikon Allah! Wannan ba Kabo ba ne? Kabo mai zazzaɓi?"

"Ba ni ba ne," in ji Kabo daga sama.

"Kai ne mana! Ga tabon goshinka nan. Jama'a, a gidan mahaifina ya sauka a Zangon Kumasi. Mako uku ya yi, biyu a kwance a zaure yana rawar sanyi, ni nake kai masa koko."

"Alhaji," in ji Rasmane yana lashe baki, "to a ina ya koyi Ingilishin?"

"Wane Ingilishi? A Zangonmu wa zai yi maka Ingilishi? Daga liman har mai aski Hausa muke yi, kamar nan. Ko titi bai tsallaka ba." Sai dattijo ya bushe da dariya. "Af, na tuna! Akwai wata mai sayar da dokunu, tuwon masarar nan na Gana, a bakin lungu, ita ce ba ta jin Hausa. Kullum sai ya makara yake zuwa da kwanonsa, ita kuwa sai ta tafa hannu ta ce masa 'finish'."

Wayyo! Dariyar da aka yi ran nan, har daga bakin babban titi an ji ta. Mai shayi ya zauna a ƙasa yana share hawaye. Shekara bakwai ban da watanni suka zube a gindin mangwaro kamar ruɓaɓɓun 'ya'ya.

Kabo yana rataye, hannuwansa na zafi, amma ba dariyar ce ta fi yi masa ciwo ba. Shahida ya hango tsaye da littafinta, sai ya tuna saura kwana shida jarrabawa, ya cinye mata huɗu da shirme. Kunya da tsoro suka rufe shi. In yarinyar nan ta faɗi, shi ne ya kayar da ita, ba Madam ba, ba littafi ba.

Alhaji Illiya ya juya ya ga yarinya da littafi. "Wannan ce ɗalibar? Bari mu ji." Sai ya yi mata tambaya da Ingilishi, irin na mutumin da ya shekara arba'in yana ciniki da shi.

Shahida ta dubi Zalissa, ta dubi ubanta a sama. Sannan ta buɗe baki, Ingilishi ya riƙa fitowa tiryan-tiryan ba gargada. Dattijo yana gyaɗa kai, gemunsa na rawa.

"Me ta ce? Me ta ce?" in ji jama'a.

Zalissa ta fassara da ƙarfi: "Ta ce, 'Babana yana cikin hawan tsani sai rago ya tunkuyi tsanin. Tsanin ya faɗi. Babana kuwa har yanzu yana rataye.'"

"Wallahi ko ɗaya ba ta kuskure ba," in ji Alhaji. "Wanda ya wuce ta ajiye shi a wurinsa, wanda ake ciki ta bar shi yana tafiya. Wa ya koya mata?"

"Injin niƙa na Zogona," in ji Maimunatu, tana dafa kafaɗar Zalissa.

Sai a lokacin Kabo ya gane inda gero yake zuwa kullum bayan azahar. Wani sanyi ya ratsa zuciyarsa, har ƙwalla ta cika masa ido don murna. Amma hali zanen dutse ne.

"Kun ji ko?" ya ƙwala ihu daga sama. "Kun ji 'yar Kabo? Ku tafa mata!"

Ya saki reshe don ya fara tafin da kansa.

Tim! A kan buhun dusar rago ya sauka, Allah ya taƙaita, ƙafa ɗaya ce kawai ta gurɗe. Wannan karon ba Rasmane kaɗai ba, duk benci takwas ne suka tafa hannu sau ɗaya suka faɗi kalmar tare.

Ranar jarrabawa, mai tambayar Ingilishi ta baki ya ce da Shahida ta ba shi labarin wani abu da ya faru a gidansu kwanan nan. Ta fara da waina, ta bi ta kan moto, ta ƙare da rago. Mutumin ya yi dariya har ya cire tabarau ya goge. Da sakamako ya fito bayan Sallah, sunanta na nan a jikin allo, Ingilishi kuwa shi ne ta fi ci.

Ta dawo gida a guje ta durƙusa gaban ubanta, wanda ke zaune da ƙafa a naɗe yana gwaguyar kan ragon nan da gayya.

"Baba, na ci!"

Kabo ya ajiye ƙashi, ya dafa kanta ya daɗe bai ce komai ba, abin da Zango ba ta taɓa gani ba. Can ya share ido da hannun riga ya dubi Rasmane, wanda ya shigo taya murna.

"To, faɗi gaskiya tsakaninka da Allah. Zalissa ta ba ta ƙa'ida, na yarda. Amma labarin da ta ci da shi, wa ya ba ta? Wa ya shiga kwata? Wa ya ba da ƙafarsa?"

"Kai ne, Profesa," in ji Rasmane. "Ba malamin da ya taɓa wahala irin taka."

"Alhamdu lillahi, an wuce wurin," in ji Maimunatu tana jera waina a faifai. "An ce a lise har Jamusanci ake koya musu. Allah ya taimake mu ba ka taɓa zuwa Jamus ba."

Kabo ya gyara zama, ya dubi sama.

"Jamus? Ai akwai wata shekara..."

Maimunatu ba ta jira ƙarshen maganar ba. Ta sunkuci faifan wainarta ta shige ɗaki ta murza makulli. Rasmane kuwa ya fita da gudu ya je ya ɗaure baburan rumfarsa da sarƙa.